Na Bakin Ƙofa

Jiya na zauna gaban kwamfuta zan naɗi darasina na farko ga ɗaliban jami'a ta intanet, sai bakina ya mutu, don babu fuska ko ɗaya a gabana. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai.

Idonsa ya tafi, amma bai daina ba da karatu a zaurensa na Kiru ba. Manoma kan shigo bayan la'asar, rigunansu na ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, ba ka ganinsu, da wa kake magana?"

Ya ce, "Da na bakin ƙofa, mai jin kunyar tambaya."

Na waiwaya, wallahi ga mutumin can yana gyaɗa kai.

Da na tuna wannan jiya, sai na kunna kyamara, na yi wa na bakin ƙofa sallama.

Allah Ka haskaka kabarin Kawu, Ka buɗe masa idonsa a Aljanna.