Kantar Mai Sarewa

Da tebur na fara a New York, a bakin tashar jirgin ƙasa: huluna da safar hannu in sanyi ya shigo, lema in hadari ya haɗu. Kafin in samu shago a Morris Heights na koyi abin da har yau nake cin abinci da shi, wato kaya ba sa ɓoye gidan da suka fito. Ka ba ni jaka biyu masu tambari daban, in na duba ɗinkin ciki zan gaya maka ko hannu ɗaya ne ya yi su.

Lokacin da finafinan Indiya masu fassarar Hausa suke tashe, nakan sa a haɗo mini faya-fayansu daga Kano tare da turaren wuta da atamfa. Da yawansu na masu yaren Telugu ne, can kudancin ƙasar, ko da yake mutanenmu duk Indiya suke ce musu. Masu fassarar nan suna da wata ɗabi'a. Sai su yanke farkon fim, inda ake jera sunayen waɗanda suka yi aikin, su cusa tallarsu a wurin, sannan su laƙa wa fim ɗin sunan Hausa. Don haka jarumi kaɗai muka sani. Waƙa in ta yi daɗi sai a ce ta jarumi wane ce, alhali shi baki kawai ya motsa ya taka rawa.

Talabijin ɗin shagona a bayana take, idona kuma yana kan masu shigowa, saboda haka na fi jin finafinan da kunne. A haka na fara gane wani hannu. Yakan buɗe da sarewa ita kaɗai, a ƙasa-ƙasa, ganga kuma ta makara kafin ta shigo, kamar dattijon da ya san ba za a fara babu shi ba. In uwa ta mutu a fim, wasu makaɗan sai su zubo maka goge har ka rasa inda za ka sa kanka. Shi sai ya ɗauke komai, ya bar ganga ɗaya tana bugawa a hankali. Jaruman finafinan ba manya ba ne, wani labarin ma shirme ne, amma kiɗan ba ya yi maka algus.

Sai na ware kanta guda kusa da ƙofa. Duk fim ɗin da na ji hannun nan a ciki, can nake ajiye shi, ko wane ne jarumin. Masu saye suka riƙa ruɗewa, don ko'ina da fuskar jarumi ake jera faifai. Da aka tambaye ni na wa ne, na ce na mai sarewa ne, sunan kuma ya bi kantar.

Zamani ya juya, kowa ya koma kallo a waya. Ƙanin matata, wanda muke riƙe shagon tare, ya ce a kwashe faya-fayan duka a jera caja da rigunan waya. Gaskiya ya faɗa, ban yi musu ba, sai a kan kanta ɗayan nan. Ya yi ta min tsiya a gaban mutanen da ke zama wurinmu bayan sallar Juma'a.

"Yaya, mutumin nan naka fa babu shi," in ji shi. "Kai da ko gaisuwarsu ba ka iya ba, kai ne za ka tantance musu makaɗi?"

Aka yi dariya. Na ce masa a samo wanda ya sani. In ba mutum ɗaya ba ne, da hannuna zan kwashe kantar. In kuwa shi ne, ba mai taɓa ta. Ya yarda da sauri, don yana ganin ya riga ya ci.

Mai kemis ɗin da ke tsallaken titi ɗan Telugu ne, mun daɗe muna gaisawa. Mahaifinsa ya zo zama wurinsa bayan ya yi ritaya, tsoho mai rigar sanyi ko da rani, kullum yana kan kujera a bakin ƙofa yana kallon motoci. Na je na yi wa ɗan bayani. Ya yi murmushi ya ce shi karatu ya hana shi kallo, amma babansa bai taɓa barin sabon fim ya wuce shi ba a garinsu.

Suka tsallako da rana, lokacin da ciniki ya lafa. Na ba tsohon kujerata, na kawo shayi. Da na sa faifan farko, muryar Bakano tana fita daga bakin jarumin garinsu, sai da ya yi dariya har ya cire tabarau. Amma da sarewar ta shigo sai ya fara bin ta da hanci, yana buga gwiwa da yatsu. Ya faɗi sunan fim ɗin na asali, ya faɗi sunan wanda ya tsara kiɗan. Na canza faifai, ya sake faɗin sunan nan. Haka muka yi ta tafiya, ƙanin matata yana tsaye da kwalin caja a hannu, fuskarsa tana ƙara tsawo.

Can wajen ƙarshe tsohon ya ɗaga hannu. Wannan, in ji ɗansa, ba na mai sarewa ba ne, na wani ne da ya taso a ƙarƙashinsa yana buga masa kayan kiɗa kafin ya kama kansa. Ƙanin matata ya farfaɗo, ya ce to ga shi nan. Ban yi gardama ba. Yaron gida daban, maigida daban. Na zare faifan na miƙa wa ƙanin matata; sauran duk na mutum ɗaya ne, shi ma bai ja da wannan ba.

Na tambayi tsohon yadda ake ɗaukar mutumin a can. Ya daɗe yana magana, ɗan yana juya mini. Wai shi ake nema in fim ƙarami ne, ko in manyan makaɗa sun yi nisan kiwo. Ana rera waƙoƙinsa a biki ba a san nasa ba ne, in ana lissafin gwanaye kuma sai an gama a tuna da shi. Sannan ya nuna kantar da haɓa ya ƙara wata magana gajeriya.

"Baba ya ce ko a garinsu bai taɓa ganin wanda ya ware masa kanta ba."

Na ƙara masa shayi. Na sha yin ciniki mai kyau a garin nan, amma ban tuna ranar da na ji kaina ya yi girma kamar wannan ba.

Washegari ƙanin matata ya kwashe sauran faya-fayan shagon ya jera kayan waya. Da ya iso kantar ƙofa ya tsaya, ya auna gurbin faifan da na cire da yatsu biyu, ya ce wannan dai ba ya cikin yarjejeniya. Na ce ba ya ciki. Ya soke kwalin caja ɗaya siriri a wurin, ya bar sauran yadda na jera su.