Ranar da Tabawa ta bar baƙo da yunwa

Tabawa ɗiyar Tsoho ce, mutumiyar Deule. Mijinta Jima ya tafi aikin hanyar Nasara bai dawo ba, aka kawo mata gatarinsa da gaisuwa. Shekarar da fara ta cinye hatsi ta sauko garin da kwamandan, Baturen mulki, yake, tana neman gidan da za ta yi daka a ba ta dusa. Ba ta samu gida ba, ta samu lakwal, wato makarantar boko.

Lakwal ɗin ɗaki biyu ne na laka da rumfar kara. Yaran da ke ciki ba iyayensu suka kawo su ba. Kwamandan ke aika wa maigari ya ba da yaro, maigari kuma ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Haka aka tattaro su daga Karofane da Galma da ƙauyukan kan dutse, kuma tunda ba su da kowa a garin, dole a ciyar da su. Gwamnati ta ba da hatsi, da turmi ɗaya, da tukwane biyu, da mace ɗaya. A ganin gwamnati, aiki ya kammala.

Macen ita ce Tabawa. Ita ke surfe, ita ke daka, ita ke tankaɗe, ita ke zuwa rijiya, ita ke hura wuta. Duk yadda ta yi sammako, tuwon rana ba ya sauka sai bayan la'asar. Yaran kan yi karatun yamma ido na kan allo, kunne na wurin turmi.

Shugaban lakwal, Alhusaini, wanda ake ce wa Mushe kamar kowane malamin boko, ya nemi a ƙara mace ta biyu. Aka amsa masa cewa gwamnati ba ta gyara abin da ba ta gani ba, don haka za a aiko mai duba makarantu ya gani da idonsa.

Alhusaini ya gaya wa Tabawa, yana murna. Cikin dukan bayaninsa kalma ɗaya ta riƙe: baƙo. A gidan Tsoho, ko ran da aka kwana da yunwa, in baƙo ya sauka sai an ɗora tukunya, kuma ba a taɓa bari ya san daga inda aka aro hatsin ba. Ta je wurin maƙwabciyarta Zaliha.

"Baƙo za ya zo mana, daga nesa."

"To mi kika jira?" in ji Zaliha. "Ki bari shi iske ki da turmi guda kamar mayya? Unguwa duka za a zaga."

Ran zuwansa matan unguwa suka shigo da turamensu, aka yi lugude kamar na biki. Aka samo nono a rugar Fulani. Tabawa ta sa aka yanka akuyarta, ita kaɗai gare ta. Da aka ji ƙarar mota, matan suka kwashe turamensu suka fice ta baya, domin matar aure ba ta tsayawa gaban baƙon namiji.

Mai duba ya iske fili a share, yara sun ƙoshi tun kafin azahar, da mace ɗaya cikin wankakken zane, ba ko gumi a goshinta. Ya ɗanɗana tuwon. Ya sa tafinta ya tambaye ta ko akwai wahala a aikinta.

"Babu komi sai alheri," ta ce.

Mutum ne mai adalci, abin da ya gani shi ya kai. Aka aiko wa Tabawa da zane na yabo. Kuma tunda an tabbatar mace ɗaya na yin aikin cikin sauƙi, aka ƙaro yara.

Shekaru suka wuce. Yaƙin Turawa ya zo, hatsin lakwal ya fara zuwa da tsakuwa. Kafaɗar Tabawa ta dama ta daina ɗaga taɓarya yadda ta saba, tuwo ya koma sauka dab da magariba. Yara suka riƙa gudu gida, gardawan kwamandan, wato dogaransa, na bin su, uban yaron da ya gudu kuma shi ake ɗaurewa a rana. Sai aka ce wani mai duba na tafe.

Alhusaini, wanda furfura ta fara fito masa, ya zo madafa ya tsuguna gefen murhu.

"Inna, roƙo na zo yi. Wanga karo ki bar shi shi ga gaskiya. Kar ki kira kowa. Ki yi aikinki kamar kullum."

"Mushe, karatu ya taɓa maka kai? Baƙo shi zamna gidana har la'asar ba a aje mishi komi ba?"

"Ba gidanki na ba, Inna, na gwamnati na."

"Gwamnati ka hura wutar ga?"

Alhusaini ya ce: "Wancan karo kin fidda mu kunya, anka ƙaro miki yara. In kin sake, za a ƙaro wasu. Su mutanen ga, in ba su ga yunwa da idonsu ba, babu ta."

Tabawa ta daɗe tana tura itace cikin wuta.

"Ni za a zaga, ba kai ba," ta ce.

"Na sani."

Da ranar ta zo, Zaliha da matan unguwa suka iso da turamensu ba tare da an kira su ba. Tabawa ta tare su a bakin shinge ta ce su koma. Zaliha ta ajiye taɓaryarta ta dube ta.

"Ke Tabawa, ɗiyar wa ta ke?"

Tabawa ta koma turminta.

Alhusaini ya gayyaci mai duba ya ci abincin rana tare da yara, shi kuma ya yarda. Azahar ta wuce. Ya zauna a rumfa yana duba agogo, yana jin taɓarya ɗaya na faɗuwa, tana tsayawa, tana sake faɗuwa. Ruwa kaɗai Tabawa ta kai masa, wannan kam ba ta iya hanawa ba, kuma ba ta ɗaga kai ba da ta miƙa. La'asar ta yi. Ya sa aka tambaye ta ko akwai wahala a aikinta. Ta jingine taɓarya.

"Akwai," ta ce.

Ba a san ta taɓa kai kuka ga wani mahaluki ba, kafin wannan ko bayansa. Baƙon ya shiga mota tukunya na kan wuta.

Shi ma mai adalci ne. Ya kai abin da ya gani: ciyarwa a lakwal ɗin ta lalace, mai dafuwa ta tsufa, ba ta da sauri. Gwamnati ta yi gyara nan da nan. Aka ɗauki mata biyu masu ƙarfi, aka ƙaro turmi, aka sallami Tabawa. Tun daga lokacin tuwo ke sauka da azahar, gudun yara ya ragu, iyayensu suka huta da rana. A unguwa kuwa, in ana son tsawata wa yarinya mai rowa, sunan Tabawa ake kira.

Ta ɗaure kayanta cikin zanen yabon, ta kama hanyar Deule, inda ta rasu kafin a gama yaƙin. Ranar tafiyarta Alhusaini ya raka ta har bayan gari, yana neman abin da zai faɗa. Ita ta riga shi.

"Mushe, baƙon nan. Ya samu abin da ya ci bisa hanya?"

Alhusaini bai sani ba. Ya ce mata ya samu.