Sunan ɗan farina

Goma na haifa, huɗu suka girma. Ba ni kaɗai ba, haka kowace mace take a ƙauyenmu na wajen Buji a wancan lokaci. Ka haifa, ka yi suna, ka zuba ido. In yaro ya tsallake yaye, ya tsallake ƙyanda, to sannan ka fara cewa kana da ɗa.

Na farin namiji ne. Ɗan fari kuwa a wurinmu ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Ni kuma a kunya babu macen da ta kamo ƙafata a unguwarmu, kowa ya shaida. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya. In zan aike shi sai in ce, "Kai, zo nan." In ana zancensa in ce "yaron nan".

Shekarar da ƙyanda ta shigo mana, uku ta ɗauke mini tsakanin kasuwa biyu. Na yi kuka ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya har muryata ta dishe. Shi ma ya kwanta, ya tashi. Ranar da ya fito tsakar gida yana dafa bango, duk ya zama ƙashi, mata cike da gidan sun zo gaisuwa, sai na kau da kai na ci gaba da tankaɗe. A raina dai na ce, wannan ya tsira, shi zai kai ni makwancina.

Yanzu zamani ya juya. 'Yarsa da ke aure a Dutse 'ya'yanta biyu, ta ce hutawa take yi. Na ce, "Biyu? Ke 'yar nan, in Mai abu ya karɓi ɗaya fa?"

Ta ce, "Haba Kaka, an yi musu rigakafi kaf. Yanzu yara ba sa zubewa kamar da."

"To, sannu likita. Shi ya sa kike rangaɗa wa ɗan farinki kira a gaban surukai, ko kunya babu?"

"In ban kira shi ba wa zai kira mini shi? Ke?"

Gaskiyarta ta wani wajen. Na daɗe ban ga an fita da gawar yaro a tabarma ba. Yanzu manya ake kwantarwa, hawan jini, ciwon suga, ƙoda. Ga ni nan kuma, sa'o'ina duk sun tafi, ni ina nan ina cin tuwo.

Bara ƙoda ta kwantar da ɗan farin nawa a asibiti a Dutse. Na je dubiya da hantsi, ɗakin cike: matarsa, surukansa, abokan kasuwarsa. Gemunsa fari fat. Ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Yaya, shekara sittin da ɗoriya ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ko dai kin manta shi ne?"

Aka yi dariya. Sunan ya zo mini har kan harshe, wallahi ya zo. Sai na ga idon surukai a kaina. Na ce, "Kai, tafi can! Da furfurarka kake neman shagwaɓa?"

Ya ce, "Sau ɗaya dai, Yaya."

Na ce, "Ka warke tukuna."

Na ƙudura gobe zan yi sammako kafin mutane su taru, in zauna a gefen gadonsa in faɗa. Ban kawo komai a raina ba. Ni mutuwar da na sani ta yara ce, wanda ya tsallake ƙyanda ai uwarsa yake binnewa. Washegari ina yafa mayafi aka shigo da sallama, ina ganin fuskar ƙanensa na san ya cika, na zauna.

Da watan azumi matar ɗansa ta haihu, namiji, aka mayar masa da suna. Gidan kaf Abba suke ce wa jaririn, saboda kunyar mamacin. Ni kaɗai nake kiransa da sunan yanka, da ƙarfi, a gaban kowa. Matan unguwa har suna cewa tsohuwa ta fara ruɗewa. Su faɗa.

Yanzu ya fara zama. In na kira, yana juyowa ya washe mini baki. Sai dai ba shi ne ya roƙe ni ba.