Malam Mahadi Direba, Wanda Ƙanwarsa Ke Kira Kiristofa

Haihuwarsa

An haife shi a shekarar 1958 a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, a gidan Ishaku, katikis na cocin Katolika, da matarsa Saratu. Mahaifinsa ya raɗa masa suna Kiristofa, sunan waliyyin da Kiristoci ke cewa yana goya matafiya ya haye da su kogi. Suna kuwa linzami ne, domin duk damina shi ke goya ƙanwarsa Rahila ya ƙetare da ita rafi zuwa makaranta. A bakin rafin nan ya yi mata alkawarin wata rana zai kai ta ziyarar Urushalima.

Musuluntarsa da aikinsa

A 1981, yana tuƙin mota a Kano, ya karɓi Musulunci, ya zama Mahadi. Mahaifinsa bai sake yi masa magana ba har ya bar duniya, amma Rahila ba ta fasa rubuto masa wasiƙa ba. A 1989 ya sami aikin tuƙa bas a Makka, yana jigilar alhazai daga tashar Kudai zuwa Harami, lokacin Hajji kuma har Muzdalifa.

Aurensa

A 1993 ya auri Batulu, haifaffiyar unguwar Tandabawi a Makka. Ba a jima ba kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa a ƙasar, ya rasu, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu. Nan fa ake yin ta: in ya fita ƙasar ba shi ba dawowa wurin iyalinsa, ita kuma Rahila, da yake Kirista ce, ba halin ta shiga Makka. Haka suka kwashe shekara talatin da huɗu ba su sa juna a ido ba. A 2019 ta je Urushalima ba tare da shi ba, abin da ya yi masa ciwo ƙwarai.

Jinyarsa

A 2022 aka gyara masa takardu, sai dai ciwon ƙoda ya riga ya kwantar da shi. Babban ɗansa Taha ya samo wa Rahila bizar ziyara, ta sauka Jidda ranar 6 ga Maris, 2023. Aka yi shawara ta jira su a Shumaisi, inda hanyar waɗanda ba Musulmi ba ke rabuwa da ta Makka. Likita ya hana a ɗaga shi, shi kuwa ya kafe.

“Yalla, Taha, ta da mota,” in ji shi. “Na bar ta tana jira tun a bakin rafi.”

Rasuwarsa

Saura 'yan kilomitoci su isa, numfashinsa ya ɗauke. Taha bai juya ba. Ya wuce shingen binciken da ke Shumaisi, ya tsaya inda gwaggonsa take, ya buɗe mata ƙofa, ta rufe wa wanta idanu da hannunta.

Aka mayar da shi Makka, aka sallace shi a Harami bayan La'asar, aka binne shi a maƙabartar Shara'i. Rahila ta tsaya a gefen titin tana addu'arta. Da Taha ya dawo yana ba ta haƙuri, sai ta ce, “Ɗana, Allahn da ya karɓe shi can ciki, Shi ne tare da ni nan bakin titi.”

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku, Taha da Sa'adatu da Rim, da kuma ƙanwa ɗaya wadda har yau Kiristofa take kiransa.