Kwalbar da Na Ɓoye a Mayafi

Jiya maƙwabciyata ta dafa sassaƙen maɗaci, ƙaurinsa ya shigo har ɗakina, sai na zauna na yi ta kuka. Ban iya rubutu ba, 'yata ce take rubuta abin da nake faɗa.

Maigida ya yi fama da hawan jini. Yana shan ƙwayar asibiti, ni kuma ina dafa masa maɗaci da wasu saiwoyi da nake saye a kasuwar Dapaong. Sai jiri ya fara ɗibarsa, har ya faɗi sau biyu wurin alwala. Muka hau mota zuwa asibiti a Sokodé.

Mutanenmu ba sa gaya wa likita suna shan na gargajiya, kunya suke ji. Ni ma na ɓoye kwalbar maɗacin cikin mayafi. Da likita ya tambaya ko akwai wani abin da yake sha, na yi wuf na ce babu.

Maigida ya juyo ya ce, "Hajiya, fito da ita. Ku biyu kuke yi mini magani, ai gara ku san juna."

Likita ya shinshina kwalbar, ya yamutsa fuska. Ya ce haɗuwar magungunan ce take saukar da jinin fiye da kima. Ya hana maɗacin, ya ce mu tsaya ga zuma da citta. Daga baya jirin ya tafi.

A mota, muna komawa gida, na ce wa Maigida ya kunyata ni. Ya ce, "Gara ki koma gida da kunya da ki koma da gawa."

Shekara tara ya ƙara tare da ni. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya yafe mini ƙaryar ranar nan, ya sada mu da alheri.