Ruwan Da Na Zuba A Galan

Ni mutumin Kabo ne, kuma kafin kwaɗayi ya ja ni acaɓa nake yi. Babur ɗina tsoho ne, amma yana ciyar da ni da matata da mahaifiyata. Ko gaban mai unguwa ba a taɓa kai ƙarata ba. Na faɗi haka ne don kada wani saurayi ya karanta ya ce ai dama can lalatacce ne. Wallahi a'a. Kamarku nake, amma yau ran wata baiwar Allah yana wuyana.

Da aka cire tallafin mai, sai sana'ar ta koma wahalar banza. Ka wuni a rana kana kai mutane Gwarzo kana dawowa, da yamma ka tarar gidan mai ka yi wa aiki. Kowa ya shiga neman inda zai samu sauƙi. Wasu suna kashe babur a gangara, wasu suna tafiya har Kano don an ce wani gidan mai ya rage kuɗin lita. Ni ma na bi sahu.

A can Kano na haɗu da wani da ake kira Na-Bayan-Gareji. A bayan wani garejin gyaran motoci yake zama, direbobi suna kawo masa man da suka zuƙe da tiyo daga motocin iyayen gidansu, shi kuma ya sayar da araha. Na ce masa, "Malam, wannan ba na sata ba ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai ka sata? Ko babur ɗinka yana tambayar asalin mai?"

Na miƙa jarkata. Da farko na babur ɗina kawai nake saya. Daga nan na fara rage wa abokan sana'a. Kafin damina ta fita na jingine acaɓa, na kafa teburin bumburutu a bakin titin Gwarzo zuwa Kano, ina sayar da fetur a kwalba da galan.

Na-Bayan-Gareji ne dai ya koya mini abin da ya hallaka ni. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya. A kwalba ana ganinsa, amma a tsohon galan na man gyaɗa, mai duhun jiki, babu wanda zai gane. Ka fara zuba ruwa a gindi, ka cika da fetur. In aka juye a tanki, mota za ta yi nisa kafin ta fara tari, kai kuwa kana zaune lafiya lau.

Sai na kafa wa kaina doka, har ina ganin ni mai imani ne. Ɗan gari, wanda za mu haɗu a masallaci ko wurin ɗaurin aure, kwalba nake ba shi, mai tsabta. Baƙo mai wucewa kuwa, galan. Tun daga nesa nake duba lambar mota in yanke hukunci. Ku ji rashin kunya! Kamar shi baƙon ba Allah ne ya halicce shi ba.

Mahaifiyata ta lura da yadda nake yawan ɗibar ruwa a randa da safe. Ta ce, "Kai da ke sayar da mai, me ya haɗa ka da ruwa haka?" Na ce galan nake wankewa. Ta dube ni ta ce, "To, ka dai ji tsoron Allah." Na fita ina gunaguni wai tsofaffi ba su san halin da ake ciki ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, rana tana dukan ƙeya. Wata tsohuwar mota mai lambar wata jiha ta tsaya da ƙarfi. Direban ya leƙo ya ce gidajen man da ya wuce duk layi ne, ba zai iya jira ba. Wani dattijo siriri ya fito daga baya. Ya ce shi Malam Jauro ne daga Kutama, matarsa ce ta haihu jini ya ƙi tsayawa, an tura su babban asibiti a Kano.

Ya ce, "Ɗana, don girman Allah ka ba mu mai kyau."

Na ji nishinta. Na ga ƙafarta a kujerar baya, da lalle a tafin. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban sani ba. Kwalaben da suka rage ba za su kai su ba, kuma na riga na yi wa wasu 'yan gari alkawarinsu. Na ce a raina wannan galan ruwansa kaɗan ne, za su isa. Na ɗauko na juye musu, har da rantsuwa: "Baba, wallahi yanzu na sauke shi." Dattijon nan ya sa mini albarka.

Ba su isa ba. Motar ta mutu a wani wuri da babu gida kusa. Direba ya buɗe gaba ya yi ta fama, Malam Jauro ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga wa motoci hannu. Kafin a samu wanda ya tsaya, matar ta cika a gindin wata bishiyar ɗorawa. Jaririn da suka bari a gida wurin kakarsa bai yi kwana arba'in ba shi ma ya bi ta.

Makaniken da ya zo ya kwance tankin, ruwa ya fara zubowa kafin fetur. Washegari 'yan sanda suka zo da direban, suka zazzage galan-galan ɗina a gaban jama'a. 'Yan garin da nake tutiyar ban taɓa cuta ba, su suka fara tofa mini yawu. Na-Bayan-Gareji kuwa ko ƙurarsa ba a gani ba.

Kotu ta ɗaure ni shekaru. Yunwa, ƙwarƙwata da cunkoson gidan yari duk na sha su, amma ba su ne suka fi ci mini rai ba. Albarkar da dattijon nan ya sa mini ita ta hana ni sakat. Ina can mahaifiyata ta rasu, ban ga gawarta ba. Matata ta nemi saki, kuma ban ga laifinta ba.

Da aka sake ni, kafin in nemi aikin yi sai na nufi Kutama. Na tarar da Malam Jauro a bayan gidansa yana zuba wa shanu harawa. Ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne, ina kuka kamar yaro. Ya sa aka kawo mini ruwa na sha, abin da ya ƙara kashe mini jiki.

Sannan ya ce, "Nawa haƙƙin na yafe tun kana ɗaure, don ba zan iya ɗaukarsa ba. Amma nata da na yaron ba a hannuna suke ba. Sai ka jira ranar da za ku haɗu, ka tambaye su da kanka."

Yanzu dako nake yi a kasuwa, ina istigfari, ina sadaka da ɗan abin da na samu da niyyar ladan ya kai gare su. Ya ku samari, tsadar mai gaskiya ce, na san zafinta. In ya gagare ku, ku ajiye babur ku taka da ƙafa. In kuka ga fetur mai arahar da ta wuce hankali, ku tambayi inda ya fito, kuma kada ku taɓa raba mutane gida biyu, na cuta da na tausayi. Hukuncin kotu na gama shi, na fito. Wannan jiran da Malam Jauro ya bar ni da shi, kullum na kwanta da shi nake tashi.