Ful ɗin Ƙofar Iya Gambo

Har yau ban manta da ranar da Umma Halima ta fara barina ni kaɗai da kwandon ful ba, wato farin furen nan mai ƙamshi. Shekarata ta biyu ke nan a Jidda, in ban yi kuskure ba. Na biyo mijina da digirin koyarwa, amma iƙamata, wato takardar zaman ƙasar, ba ta ba ni damar aikin makaranta ba.

Ku da kuka zo daga baya ba ku tarar da gidan Umma na unguwar Sa'alaba ba. Mu huɗu muke zama a tabarmar tsakar gida muna haɗa adon ƙofa: zoben ganyen dabino, a naɗe shi da fure da ƙyalle mai sheƙi, a rataya wa alhazan unguwa ranar dawowarsu. Aikin mataki uku ne. Sabuwa tana tsintar fure, ƙwararriya tana zura shi a zare, Umma ce kaɗai ke ɗaurin ƙarshe. Wadda ta ɓata tsinta, akan ce ta huta a gida. Ni kuwa a wannan tabarmar kaɗai nake samun mai yi min Hausa da rana.

Ran sha biyu ga Zulhajji sauran matan suna aikatau a Mina. Umma za ta unguwar Mahjar auna ƙofar Iya Gambo, wata tsohuwa mai ƙosai da ta tsufa a Jidda ba ta taɓa hawan Arfa ba sai wannan shekarar. Washegari da la'asar Iya za ta dawo.

"Ki ware masu kyau, ya Ustaza," in ji Umma tana jan mayafi.

Na ji kunyar tambaya. Na ware waɗanda suka buɗe farare tas, na zura su a zare don in burge ta. Rufaffun na ɗauka ba su nuna ba. Na so in zubar, sai na ji tsoro, na rufe su da jiƙaƙƙen tsumma a gindin randa.

Da Umma ta dawo ta ɗaga zaren da yatsa biyu.

"Ya binti, 'yata, yau Iya za ta dawo ko gobe? Wanda ya buɗe ai ya gama nasa. Gobe war haka ya koma kalar shayi. Ina rufaffun? Kar ki ce min kin zubar!"

"Ban zubar ba, Umma, ban dai tabbatar ba ne ko..."

Ta ɗaga tsumman, ta fashe da dariya. "Yau dai tsoron nan naki ya yi rana. Halas, shi ke nan, warware zaren. Yalla, maza miƙo allura."

Muka sake aikin daga farko, tana nuna min inda ake soka allura don kada furen ya ji rauni. Washegari muka rataya zoben da azahar. Kafin la'asar furannin sun fara buɗewa a jikin ƙofar, ƙamshi har bakin lungu.

Iya Gambo ta sauko daga mota, ta tsaya da ledar kayanta a hannu, ta daɗe tana kallo.

"Ni aka yi wa wannan?"

Umma ta nuna ni da haɓa. Bayan kwana biyu ta mayar da ni cikin masu zura fure.

Ba zan ce na fahimci sana'ar nan duka ba. Abin da dai na koya shi ne, ba a duba kyan fure a hannun mai aiki, sai a sa'ar da mai ƙofa zai tsaya a gabanta. Shi ya sa har yau, kafin in taɓa kwando, nake tambaya: yaushe za ta iso?